An sa sabuwar boila amma bil ɗin gas bai sauka ba: ina matsalar take?

Injiniya, Bradford

Assalamu alaikum 'yan zaure. Sanyi ya fara shigowa, ƙorafin da ake ta kawowa kuma iri ɗaya ne: an cire tsohuwar boila, wato na'urar gas da ke ɗumama gida da ruwan famfo, an sa sabuwa, takardarta ta ce ingancinta kashi 92 ko 94 cikin 100, amma kuɗin gas bai ragu yadda aka sa rai ba. A yawancin gidaje boilar lafiyarta lau. Saitin da aka bar ta a kai ne ya hana ta aikin da aka saye ta dominsa.

Gas idan ya ƙone yana haifar da ruwa. Kubik mita 1 na gas yana ba da ruwa wajen lita 1.5, amma a matsayin tururi, gauraye da hayaƙi. Tururin nan yana riƙe da kusan kashi 10 cikin 100 na zafin da ka biya kuɗinsa. Tsohuwar boila sakinsa take yi ta bututun hayaƙi ya tafi. Sabuwar kuwa an faɗaɗa mata tukunyar musayar zafi, aka sa hayaƙin ya bi ta jikin bututun da ke ɗauke da ruwan da ya dawo daga radiyeto, wato ƙarfen jikin bango da ruwan zafi ke bi ya ɗumama ɗaki. In bututun da sanyi-sanyi, tururin sai ya kwanta a jikinsa ya koma ruwa, kamar yadda yake taruwa a murfin tukunya, zafin da ke cikinsa ya shige ruwan ɗumama gida.

Amma tururin gas ba ya fara komawa ruwa sai abin da ya taɓa ya sauka ƙasa da digiri 55 ko kusa da haka. Yawancin boiloli ana barinsu ruwa na fita a digiri 75 ko 80, ya dawo a 60 ko 65. A haka babu tururin da ake tatsa, ingancin bai wuce kashi 87 ko 88 ba. Ruwan dawowa ya sauka 50, sai a kai wajen 90. A 40 ana maganar 94, a 30 kuwa 97. Tun Afrilun 2005 doka ta ce duk sabuwar boilar gas a Ingila da Wales sai mai tatsar tururi, amma binciken da aka yi wa Energy Saving Trust, wata ƙungiyar tattalin makamashi, a 2009 a cikin gidajen mutane ya nuna boilolin kwambi suna tsayawa ne wajen kashi 83.

Shawarata ga mai kwambi, wato boilar da ba ta da tankin ruwan zafi: nemi maɓallin da ke da hoton radiyeto, ba mai hoton famfo ba, ka sauke shi zuwa 60.

Mai Famfo, Manchester

Wa alaikumus salam, Injiniya. Lissafinka daidai ne, amma ina da ja a kan shawarar. Mutum zai karanta ya je ya murɗa, ranar da sanyi ya kai sifili gida ya ƙi ɗumi, ya mayar da shi 80 ya ce ba zai ƙara taɓawa ba. Radiyeton da ke jikin bango ba a auna ƙarfinsa da ruwa mai digiri 60 ba. Lambar da ke kasidar kamfani an same ta ne da ruwa na shiga a 75, yana fita a 65, ɗaki na 20. Ka rage zafin ruwan, ka rage abin da radiyeton ke bayarwa, kuma raguwar ba kaɗan ba ce. Jerin tsofaffin gidajen da mutanenmu suka fi haya a nan da Bradford da Birmingham, bangonsu guda ne ba rami a tsakiya, taga na shigar da iska, radiyeto kuma mai fuska ɗaya. Irin waɗannan ba sa ɗaukar wasa.

Malamin Kimiyya, Glasgow

Bari in sa wa maganar Mai Famfo lamba. A saitin kamfani matsakaicin zafin radiyeto 70 ne, ɗaki 20, tazara 50. Radiyeton da aka rubuta masa wat 1,000 a nan yake ba da 1,000. In tazarar ta koma 40 zai ba da wajen wat 750. In ruwa na shiga a 60 yana fita a 45, tazarar 32.5 ce, zai ba da wajen 570. In ta koma 30, rabi kawai, kamar 510.

To amma Malam Mai Famfo, tambayar ita ce kwana nawa a shekara gida ke buƙatar cikakken ƙarfin. Ana auna radiyeto ne don ranar da waje ya kai digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili. Zafin da gida ke zubarwa yana tafiya ne da tazarar ciki da waje. Ciki 21, waje 3 ƙasa da sifili, tazara 24. Ciki 21, waje 9, tazara 12, wato rabin zafin kawai ake nema. Yawancin ranakun Oktoba, Nuwamba, Maris da Afrilu kusa da na biyun suke. Ƙari a kan haka, gidaje da yawa an sa musu taga mai gilashi biyu da auduga a rufi bayan an kafa radiyeton, ya zama ya fi ƙarfin ɗakin.

Ga kuɗin kuma. A 2023 Ofgem, hukumar da ke kula da gas da lantarki, ta ɗauki matsakaicin gida a kan kilowat-awa 11,500 na gas a shekara. A ce duka boila ce ta ci. A kashi 83, zafin da ya shiga gida 9,545 ne. In aka kai ta kashi 90, gas ɗin da za a ƙona don samun wannan zafin wajen 10,600 ne. Kuɗin kilowat-awa kusan 900 ke nan ya rage a aljihu, ba tare da an sayi komai ba.

Injiniya, Bradford

Na karɓi gyaranka, Mai Famfo, a kan yadda za a yi shi. Kada a sauke a tashi ɗaya. In tana 80, a kai 70, a bari kwana uku. Gida ya kai zafin da aka saita a tamostat, wato na'urar saita zafin ɗaki, ba tare da wahala ba, a kai 65, sannan 60, mai gida mai rufi da kyau har 55 ko 50. Kuma dole lokacin kunnawa ya canza. Ruwa mara zafi sosai ya fi jinkirin ɗumama ɗaki, don haka mai tashi Asuba ya sa ta fara minti 30 zuwa 45 kafin lokacin da ya saba. Boilar za ta daɗe tana ci, amma da ƙaramar wuta, kuma mita gas take ƙirgawa, ba awa ba. Makon da ƙanƙara ta sauka a ɗaga zuwa 65 ko 70, in ya wuce a mayar.

In ɗaki ɗaya ne ya gaza, kada a ɗaga wa gida duka zafi saboda shi. A canza radiyetonsa zuwa mai fuska biyu da fiffike biyu a tsakiya. A tsawo da faɗi iri ɗaya yana ba da kusan ninki biyu na mai fuska ɗaya. Ƙa'idar gini da ta fara aiki a Ingila a Yunin 2022 ma abin da ta ce ke nan: in ana sabunta tsarin ɗumama gaba ɗaya, a auna radiyeto yadda ruwa mai digiri 55 zai wadatar.

Hajiya, Birmingham

Sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Abu biyu nake so a ja wa layi kafin wani ya cutu.

Na farko, mai tankin ruwan zafi a kabad kada ya bi wannan shawara kai tsaye. Ruwan da ke ajiye a tanki dole ya kai digiri 60, domin ƙwayar cutar Legionella tana hayayyafa tsakanin 20 da 45, kuma ta feshin shawa take shiga huhu. A yawancin gidaje masu tanki, maɓalli ɗaya ne ke saita zafin ruwan da ke zuwa radiyeto da wanda ke zagayawa cikin tankin. Ka sa shi 55, tankin ba zai taɓa kai 60 ba, boilar za ta yi ta kunnuwa tana mutuwa tana neman abin da ba za ta samu ba. Irin wannan gida kada ya sauka ƙasa da 65 zuwa 70 sai an raba masa saitin.

Na biyu, rage zafin ruwan boila daban, rage zafin ɗaki daban. Gidan da ke da tsoho, jariri, ko mai sikila, ɗaki kada ya sauka ƙasa da 18, mai sikila ma ya fi son sama da haka. Kuma gidajenmu akwai girki mai yawa da shanya a cikin ɗaki. Bango ya yi sanyi, danshi ya kwanta, baƙin fumfuna ya fito a bayan kabad. Tattalin da zai kai yaro asibiti da ciwon ƙirji ba tattali ba ne.

Injiniya, Bradford

Gaskiya ne, Hajiya. Maganin mai tanki shi ne a haɗa wayoyin yadda boila za ta san wane ne ke kira. Tanki ya kira, ta rufe hanyar radiyeto, ta ba shi ruwa mai digiri 75 ko 80 na minti 20 zuwa 30, ya cika, ta koma radiyeto a 50 ko 55. Boiloli da yawa na zamani suna iya wannan, amma sai an sa musu na'urar sarrafawa ta kamfaninsu ko mai magana da su ta OpenTherm, wata hanyar sadarwa tsakanin boila da na'urar sarrafawa, wani lokaci da sauya bawul. Aikin mai sana'a ne. In tankin irin wanda ruwa ke shiga da matsin famfon titi ne, sai mai takardar G3, wato shaidar ƙwarewa a irin wannan tanki, zai taɓa shi.

Mai Famfo, Manchester

Tunda mun daidaita a nan, bari in kawo abin da a ganina ya fi saitin zafi ɓarna: girman boila. Kwambi ana zaɓenta ne saboda shawa. Don ɗaga ruwan famfo da digiri 35, kilowat 24 tana ba da lita 9.8 a minti, 30 tana ba da 12.3, 35 tana ba da wajen 14. Shi ya sa mai iyali ke neman 30 ko 35. Amma gida mai ɗaki uku da aka ɗan gyara, a ranar da ta fi sanyi, kilowat 6 zuwa 10 yake nema. A Nuwamba 3 ko 4.

Boila tana iya rage wutarta, amma tana da ƙasan da ba ta wucewa. Mai kilowat 30 da ke sauka kashi ɗaya cikin biyar, ƙasanta 6 ne. Gida na neman 3, tana ba da 6, ruwa ya yi zafi cikin minti biyu, ta mutu, ta jira, ta sake tashi. Kowane tashi fanka na hura iska ta cikin tukunyar don kore ragowar gas, zafi na fita waje, filogin kunnawa da bawul ɗin gas na ci. In kana jin boila tana tashi tana mutuwa kowane minti uku ko biyar, wannan ne.

Mai saye ya tambayi ƙasan boila kafin ya tambayi samanta. Akwai masu sauka kashi ɗaya cikin goma, mai 30 ta koma 3. Wanda ya riga ya sa kuma ya ce wa mai sabis ya rage mata iyakar ƙarfin ɗumama a saitin ciki, a boilar kamfanin Vaillant lambar d.00 ce. Wannan ba ya taɓa ƙarfin ruwan wanka. Sannan kafin a sayi mai 35, a tara bokiti a famfon kicin a duba agogo. In titi lita 10 yake ba ka a minti, boilar lita 14 asarar kuɗi ce. Bututun gas ma haka: babbar kwambi galibi tana son mai milimita 22 daga mita, domin faɗuwar matsi tsakanin mita da boila bai kamata ya wuce miliba 1 ba.

Malamin Kimiyya, Glasgow

A ƙara da daidaita radiyeto, don an ce ruwan dawowa ne mai hukunci, ba na fita ba. Ruwa hanya mafi sauƙi yake bi. Radiyeton da ke kusa da boila, in bawul ɗinsa na ƙasa a buɗe yake gaba ɗaya, ruwa zai ratsa shi da gudu ya dawo da zafinsa, na ƙarshen gida ya zauna da sanyi. Sai ka ga fita 60, dawowa 56.

Kowane radiyeto bawul biyu gare shi: mai lambobi da ake murɗawa da hannu, da mai hular roba a ɗaya gefen. Na biyun ake daidaitawa. A buɗe masu lambobin duka, a kunna daga sanyi, a lura da wanda ya fara zafi. Shi za a rufe ruf, a buɗe kwata ko rabin zagaye. Na biye da shi a ɗan ƙara, na ƙarshe a bar shi a buɗe. A maƙala ma'aunin zafi a bututun shiga da na fita, a jira minti 10 zuwa 15 bayan kowace murɗawa. Ana neman tazarar digiri 15 zuwa 20 in ruwan na 65 ko 70, in an sauka 55 kuwa 10 zuwa 12 ma ta yi. In duk an yi tazarar ta ƙi buɗewa, ko injin tura ruwan yana gudu da yawa, ko bawul ɗin kewaye yana sakin ruwan zafi kai tsaye cikin bututun dawowa.

Ɗan Damagaram, Hamburg

Gaisuwa ga manya. A Jamus wannan murɗe-murɗe da hannu ba a cika yinsa ba, domin doka ta tanadi tsarin ɗumama ya riƙa bin zafin waje da lokaci. Ana kafa ƙaramin ma'auni a bangon arewa, inda rana ba ta bugu, boila ta riƙa zaɓen zafin ruwa da kanta: waje 10, ruwa wajen 40; waje ƙasa da sifili, ruwa 55 ko 60. Mai gida layin da ke haɗa zafin waje da zafin ruwa a saitin kawai yake gyarawa. In gida na sanyi a ranakun tsananin sanyi kaɗai, a ƙara wa layin tsayi. In kullum yana ɗan gazawa, a ɗaga shi duka da digiri 2 ko 3. A Ingila ma tun Afrilun 2018 ƙa'idar Boiler Plus ta sa wannan cikin abubuwa huɗu da mai sa kwambi zai zaɓi ɗaya, sai dai da yawa tamostat mai haɗuwa da waya suke ɗauka, wanda wani kunnawa da kashewa kawai ya iya.

Wani abu kuma, za ku ga takardar Jamus ko Holan ta rubuta kashi 107 ko 109. Ba ƙarya ba ce, kuma ba ta fi taku ba. Tsohon lissafi ne da ba ya ƙirga zafin tururi cikin ɗarin, sai abin da aka tatso ya hau a kai. Kashi 109 a can daidai yake da wajen 98 a lissafin da ya haɗa komai.

Mai Famfo, Manchester

Yanzu ga abin da zai sa wayoyinmu ruri a Janairu. Ruwan da boila ta tatsa dole ya fita, kuma tana aiki sosai yana kai lita 2 ko fiye a awa. Yana da ɗan asid, shi ya sa bututunsa na roba ne, jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe zai cinye. Shi ne farin bututun da ke ƙarƙashin boila. In babu shi, boilarka ba mai tatsar tururi ba ce.

Inda ya fi kyau ya zube shi ne cikin gida, a bututun sinki ko na injin wanki. In dole sai waje, a faɗaɗa shi daga milimita 22 zuwa 32 tun kafin ya ratsa bango, kada ya wuce mita 3, a ba shi gangare na wajen santimita 5 a kowace mita, a sa masa rigar soso mai jure ruwa, a yanke bakinsa a karkace. Wanda aka bari siriri a waje shi ne ya daskare a dubban gidaje a sanyin 2010 da na ƙarshen Fabrairun 2018. Ƙanƙara ta toshe baki, ruwa ya koma cikin boila, ka ji tana gurgur, ta kashe kanta. A allonta, boilar kamfanin Worcester kan nuna EA, Vaillant F28 ko F29, Baxi E133, Ideal L2. Lambobin suna nufin wuta ta ƙi kamawa ne, don haka ba kullum ƙanƙara ba ce, mai mita ta kati ya fara duba ko kuɗi ya ƙare.

In ƙanƙarar ce, a zuba ruwan ɗumi a jikin bututun daga waje, musamman gwiwa da baki. Ban da tafasasshe, yana fasa roba. A kula da inda ruwan ya zuba a ƙasa, zai daskare ya kayar da mutum. Sannan a danna maɓallin sake tashi sau ɗaya. Ta ƙi sau biyu, a bar ta a kira mai gyara.

Ƙanwarku, Leicester

Yayyena, a taɓo maganar alwala. A gidan mutum shida ana buɗe famfon zafi sau da yawa a rana na ƙasa da minti ɗaya. Kwambi na tashi, kafin ruwan zafin ya iso an rufe, zafin ya mutu a bututu. Bututu mai milimita 15 yana riƙe wajen lita 1.5 a kowace mita 10, kuma wannan sai ya zube kafin mai zafi ya zo. Famfo mai hannu ɗaya in an bar hannun a tsakiya, duk ɗagawa sai boila ta tashi, ko da mai wanke hannun ruwan sanyi yake so. A riƙa mayar da shi gefen sanyi.

Akwai kuma saitin da ke riƙe ruwan cikin boila da ɗumi dare da rana don ya zo da wuri. Yana cin gas ko ba kowa a gida. In banɗaki kusa da boila yake, a kashe shi. In nesa ne, wasu boilolin suna bari a sa masa lokaci, ya yi aiki kafin Asuba da yamma kawai. Zafin ruwan famfo a kwambi kuma 50 ya isa, tunda ba ajiye shi ake yi ba. A 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙoƙi, kuma sai an surka shi da na sanyi.

Injiniya, Bradford

Madalla, ƙanwata. Rage shi zuwa 50 yana rage wani ciwon ma. A Landan, Luton da kudu maso gabas ruwa na da alli, a Manchester da Glasgow ba shi da shi sosai. Farin dutsen da kuke gani a butar lantarki shi yake kama siraran faranti da ke ɗumama ruwan famfo, kuma zafi ke ƙara masa saurin kamawa. Alamarsa shawa ta yi zafi, ta yi sanyi, ta sake zafi. Inda allin ruwa ya wuce miligiram 200 a kowace lita, ana sa na'urar rage alli a bututun da ke shiga boila. In kuwa ka buɗe famfon zafi radiyeto ya ɗau ɗumi a tsakiyar bazara, bawul mai karkatar da ruwa ne ya maƙale.

Ɗaya gefen farantin kuma baƙar laka ke toshe shi, wato tsatsar cikin radiyeto. Hanyoyin ruwa a sabuwar boila sirara ne, ba sa jure dattin da tsohuwa ke haɗiyewa. Ƙa'idar BS 7593 ta 2019 ta ce a wanke tsarin kafin a sa sabuwa, a zuba maganin hana tsatsa, a kafa tace mai maganaɗisu a bututun dawowa, a gwada ruwan duk shekara, a sabunta maganin duk shekara 5. Radiyeto mai sanyi a ƙasa da tsakiya laka ce. Mai sanyi a sama iska ce, a sake ta da ɗan makulli.

Agogon matsi kuma, da sanyi ya zauna tsakanin 1 da 1.5. In ya faɗi, Vaillant F22, Baxi E119, Ideal F1. Ƙara ruwa sau ɗaya ko biyu a shekara ba komai. Ƙarawa duk mako matsala ce, domin sabon ruwa na shigo da iskar da ke haifar da tsatsa, yana kuma tsarma maganin. A lura da allurar in boila ta yi zafi. In ta haura kusa da 3, tulun iskar da ke karɓar kumburin ruwa ya sace, bawul ɗin tsaro ya buɗe ya zubar ta siririn bututun jan ƙarfe a waje, da safe a tarar da sifili. A ɗaura leda a bakin bututun a kwana, in ta tara ruwa an gano. Tulun yana da bawul irin na tayar mota, ana mayar masa da iska har matsinta ya kai wajen 1 a ma'aunin bar bayan an sauke matsin ruwa. In an danna bawul ɗin ruwa ya fito, robar ciki ta fashe.

Hajiya, Birmingham

Injiniya, a fayyace wa mutane iyakarsu. Maɓallan gaba, ƙara ruwa, sakin iska, narkar da ƙanƙara, waɗannan na mai gida ne. Cire murfin boila ba nasa ba ne, domin a yawancinsu murfin yana cikin abin da ke tsare hayaƙi. Sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, kuma a karɓi katinsa a juya baya a ga ko an rubuta boila. Ɗan'uwa ne ko ɗan gari ɗaya, a duba. Mai haya kuma haƙƙinsa ne mai gida ya sa a duba gas duk shekara ya ba shi takardar cikin kwana 28, kuma tun Oktoban 2022 a Ingila dole ya sa ƙararrawar iskar guba, wato kabon monoksaid, a ɗakin da boila take. Iskar nan ba ta da wari. Ciwon kai da jiri da ke sauƙi in an fita waje, a ɗauke su da gaske. Ina roƙon mata musamman, in boila ta mutu kada a hura gawayi a ɗaki don ɗumi, na turaren wuta ma a buɗe taga. An ji warin gas, a rufe a mita, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki, a kira 0800 111 999.

Masu tafiya gida a Disamba kuma, kada a kashe boila daga bango. Tana da tsaron da ke tashinta in ruwan cikinta ya sauka wajen digiri 5, amma kanta take karewa, ba bututun da ke rufi ko ƙarƙashin daɓe ba. A bar tamostat a 12, a rufe babban bawul ɗin ruwan famfo. Kwambi za ta ci gaba da ɗumama gida, tunda ruwan radiyeto a kulle yake. A karanta takardar inshora, da yawa suna da sharaɗi in gida zai zauna ba kowa fiye da kwana 30 ko 60.

Mai Famfo, Manchester

Tunda Hajiya ta kawo duba na shekara, takardar mai gidan haya duba lafiya ce kawai, ba sabis ba ce. Sabis na gaskiya sai an sa na'urar auna hayaƙi a bututu, a babbar wuta da ƙarama, rabon iskar guba da iskar kabon ya zauna ƙasa da 0.004. Sai an cire ɗan kofin da ruwan tatsa ke taruwa a wanke, musamman a boila mai tukunyar alminiyom, don tana zubar da gari mai kama da yashi da ke toshe shi. A mayar da shi cike da ruwa, in an mayar da shi a bushe hayaƙi zai bi ta nan. A wanke tace mai maganaɗisu, a gwada iskar tulu, a duba bututun hayaƙi yana gangarowa wajen boila, bakinsa kuma aƙalla santimita 30 daga tagar da ake buɗewa. A cike shafin sabis a bayan littafin boilar, domin garantin shekara 7 ko 10 da kamfanoni ke bayarwa yana faɗuwa in an tsallake shekara.

Kafin ya tafi, a ce ya nuna zafin fita da na dawowa a allon boilar bayan ta yi minti 20 tana aiki. In na dawowa ya haura 55, a ce ya sauke zafin fita, ya rage gudun injin tura ruwa, a sake dubawa tare.